Za mu koma Maleshiya: yaya ake cin abinci a gidajen abincin iyali na can?

Wata 'yar'uwa daga Zariya ta rubuto cewa maigidanta ya samu gurbin karatun digiri na uku a Maleshiya, za su tafi da yara biyu. An ba ta shawara kada su zubar da kuɗinsu a manyan gidajen abinci na cikin kantuna, su nemi ƙanana waɗanda iyali ɗaya ke riƙe da su. Tana so ta san yadda za ta gane su, ko abincinsu halal ne, me za ta ce a zuba mata, da abin da za ta tanada a jaka.

Ƙanwata, wanda ya ba ki wannan shawara ya zauna a ƙasar. Na yi shekara shida a jihar Selangor, huɗu ina karatun kimiyyar abinci, biyu ina jiran maigida ya kammala nasa. Yawancin abin da na sani game da girkin mutanen nan a irin waɗannan rumfuna na koye shi, wajen dattijan matan da suka ga na cika tambaya suka riƙa jana kicin. To ga abin da zan fara ɗora ki a kai: a Maleshiya, kafin ki tambayi me aka dafa, ki fara sanin wa ya dafa. Wannan ne zai gaya miki ko za ki zauna, da abin da za ki nema, har da ƙarfe nawa ya kamata ki je.

Dalili kuwa, ƙasa ce ta mutum wajen miliyan 34 da ba tukunya ɗaya suke ci ba. Malayawa da sauran 'yan asalin ƙasa su ne kusan kashi 70 cikin 100, Sinawa sun haura kashi 20, Indiyawa sun kusa kashi 7. A ƙidayar 2020 Musulmi kashi 63.5 ne. Kin ga ke nan mutum ɗaya cikin uku da za ki haɗu da shi a titi ba Musulmi ba ne, kuma shi ma kakarsa ta bar masa sirrin miya, shi ma ya buɗe shago da matarsa da 'ya'yansa. Dukkansu gidajen abincin iyali ne, amma ba dukkansu ne naki ba.

Wanda za ki fi zama a cikinsa shi ne na Malayawa, suna ce masa warung ko kedai makan. Ba ya ɓoyuwa. Rumfar kwano ce a bakin titi ko a jikin gida, teburan roba, fankoki suna kaɗawa, sai dogon tebur da aka jera tire-tire na miya da mahaɗi, wani wurin ashirin, wani wurin ya fi arba'in. Uwa tana kicin, 'yarta tana kan akwatin kuɗi, maigida yana haɗa shayi ko yana juya kifi a kan gawayi, jika ya dawo daga makaranta yana kwashe faranti. Abincin rana a nan sunansa nasi campur, wato shinkafa da haɗe-haɗe. Za a miƙo miki farantin farar shinkafa, ke za ki bi layi ki ɗebi abin da ranki ke so. Sunan duk wani mahaɗi lauk. Idan kin gama ɗiba, sai 'yar gidan ta leƙa farantin da ido ta yanka kuɗi, a wasu wuraren ta rubuta a 'yar takarda ta ajiye miki a tebur, ki biya bayan kin ci.

Abin da baƙi ba sa ganewa shi ne, wannan girkin gida ne aka faɗaɗa. Da asuba ake cefane, da hantsi ake girki, sau ɗaya. Abin da ya ƙare ya ƙare. Saboda haka ki je tsakanin sha ɗaya da rabi zuwa ɗayan rana. Wanda ya je ƙarfe uku zai tarar da kan kifi da romon da ya kwanta, ya dawo yana cewa abincin Maleshiya ba daɗi. Akwai kuma batun lafiya, kuma nan fannina ne. Rabin miyar da ke kan teburin nan da madarar kwakwa aka yi ta, wadda suke kira santan, ga kitse ga ruwa, a ƙasar da zafin rana ke wuce digiri 30 kusan kullum tare da gumi. Irin wannan miya ba ta jure zama. Ƙa'idar da ma'aikatar lafiyarsu ke koyarwa ita ce kada dafaffen abinci ya wuce awa huɗu a fili, kuma ki duba, ki shinshina, ki ɗanɗana kafin ki ci. Idan miyar kwakwa ta fara kumfa a gefe, ko ta yi yauƙi, ko tsaminta ba irin na tsamiya ba ne, ki wuce ta. Ƙananan hukumomi suna liƙa wa shaguna maki na tsafta, A ko B ko C, ki ɗaga kai ki duba. Amma alamar da ta fi wannan a wurina ita ce layin ma'aikatan ofis da direbobi da tsakar rana. Inda tire ke ƙarewa da wuri, abinci ba ya samun lokacin lalacewa.

Idan kina so ki san hannun mai girki, kada ki fara da nama. Ɗebi cokali ɗaya na sambal ki ɗanɗana. Sambal shi ne markaɗen barkono da albasa da tafarnuwa da ake soyawa a mai, a sa tsamiya da gishiri da ɗan sukari. Ana soya shi a hankali har mai ya rabu ya taso sama, abin da suke kira pecah minyak, kuma ke da kika saba soya miyar tumatir har mai ya taso ba sai an yi miki bayani ba. Mai gaggawa takan sauke shi da wuri, sai ki ji ɗanyen barkono yana karce maƙogwaro. Mai ha'inci takan cika sukari don ta rufe. Wadda ta iya, nata zai yi ja mai duhu, yajin ya zo a hankali bayan zaƙin albasa. Duk rumfar da sambal ɗinta ya yi kyau, ban taɓa ganin sauran girkinta ya ba da kunya ba.

A cikin sambal ɗin nan akwai abin da zai fara bugun hancinki, sunansa belacan. Ƙananan jatan lande ne ake cuɗawa da gishiri, a bar su su tsimu, a shanya, a daka, a dunƙule. Idan ana gasa shi, duk layin zai sani. Na ga 'yan'uwanmu da yawa sun toshe hanci sun fice, ni kuwa dariya nake yi, domin mutumin da ya tashi da daddawa ba shi da bakin magana. Aikinsu ɗaya: warinsa a waje, daɗinsa a miya. Abin da ya fi ba ni mamaki ma shi ne petai, wasu korayen ƙwayoyi masu faɗi da ake soyawa da sambal da jatan lande. Ranar da na fara ganin itacen na tsaya ina kallo kamar na san shi. Ashe ɗan'uwan ɗorawa ne, a ilimin tsirrai dangi ɗaya suke, Parkia. Mu muna barin kalwa ta bushe mu dafa ta mu yi daddawa, su kuwa nasu ɗanye suke ci. Yana da ɗan ɗaci, kuma warinsa yakan bi mutum kwana ɗaya ko biyu, har a bayan gida. Kada ki ci ranar da za ki je ganin malamar yara.

A farantinki na farko, ga abin da zan sa miki da ina wurin. Ayam goreng berempah, soyayyar kaza da aka jiƙa da citta da kurkum da ciyawar lemo, a barbaɗa mata ɓurɓushin kayan ƙamshin da suka soyu a mai. Ikan keli, wato tarwaɗa, wadda suke soyawa har ta yi ƙaras-ƙaras. Kangkung, ganye mai kama da alayyafo. Sai rendang, naman sa da ake dafawa awa uku ko huɗu a madarar kwakwa har ruwan ya ƙone, naman ya soyu a man da ya fito daga kwakwar. Asalinsa na mutanen Minangkabau ne daga Sumatra, waɗanda zuriyarsu ta cika jihar Negeri Sembilan. Sirrinsa kerisik, kwakwa ce da aka goge aka soya ba mai har ta yi ja, aka daka ta a turmi har ta fitar da mai. Gidan da ke dakan nasu kerisik, daga ƙamshi za ki gane. Idan kina son yaji na gaske, nemi masak lemak cili api, miya ce ruwan ɗorawa da ake yi da ƙananan barkono masu zafin attaruhu. Kayan ciki ma suna ci, har da soyayyen huhu, paru, wanda maigidana ya riƙa santi a kansa har muka dawo.

Abu ɗaya ne ban taɓa sabawa da shi ba, sukari a miya. Malayawa suna son zaƙi a cikin abin gishiri, mutanen Kelantan kuwa sun fi kowa. Miyar nama za ki ji ta kamar an ɗiga zuma. Ba ƙaramin abu ba ne a lafiyarsu: binciken lafiya na ƙasa na 2019 ya nuna kusan mutum ɗaya cikin biyar na manya yana da ciwon sukari. Don haka kalmomi biyu na farko da za ki haddace su ne kurang manis, a rage zaƙi. Ko kin faɗa, shayin zai zo da zaƙi, sai dai wanda za a iya sha.

Yanzu batun halal, wanda na san shi ne ya fi damun ki. Hukumar da ke ba da shaidar halal sunanta JAKIM, tare da majalisun addini na jihohi. Tambarinta tauraro ne mai kusurwa takwas da kalmar halal da Larabci a tsakiya. Ba wasa suke da ita ba: suna bin kowane sinadari zuwa inda aka sayo shi, suna duba wurin ajiya da ma'aikata, kuma shaidar gidan abinci shekara biyu take yi a sabunta. Tun dokar 2011, laifi ne mutum ya tallata abincinsa da sunan halal ba tare da wannan shaida ba. Amma neman shaidar ba dole ba ne. A 2024 an yi ta muhawara kan a tilasta wa gidajen da ba sa sayar da alade da giya su nema, daga ƙarshe majalisar ministoci ta bar abin yadda yake, ganin dama.

Ga inda abin yake rikita baƙo. Babban kamfanin kaza na Amurka da ke cikin kanti yana da tambarin a ƙofa. Hajiyar da ke tashi ƙarfe huɗu ta dafa shinkafa, ta yi sallar asuba a bayan rumfa, ta sayo kazarta wajen mahauci Musulmi, sau da yawa ba ta da shi, domin cike takardu da bin sawun kowane kwalbar miya ba aikin mutum uku ba ne. Rashin tambari a rumfar Malayawa ba ya nufin komai. A tsarin mulkin ƙasar ma, wanda ake kira ɗan Malay Musulmi ne. Su kansu mutanen gari abin da suke dubawa shi ne wa ke kicin, su wa ke zaune suna ci. Idan kin ga mata masu lulluɓi, wanda suke kira tudung, sun cika tebura da 'ya'yansu, kuma masu girkin su ma haka, ki yi bismilla. Ayar da aka rataye a bango ita kaɗai ba hujja ba ce, kowa na iya sayen firam. Matambayi ba ya ɓata: ki ce “Halal ke?” ko ki tambaya ko mai shagon Musulmi ne. Ba wanda zai ji haushi, tambaya ce ta yau da kullum a can.

Wanda zan ja kunnenki a kansa shi ne shagon da ya rubuta da Turanci cewa babu naman alade, babu kitsen alade. Wannan magana gaskiya ce iyakar inda ta tsaya. Ba ta ce komai ba game da yadda aka yanka kazar, ba ta ce komai ba game da giyar shinkafa da Sinawa ke ɗigawa a girki. Wasu Musulmin can suna cin kifi a irin wuraren, wasu ba sa shiga. Ni ba na shiga da yara, domin ba na son in zauna ina tuhumar kowace loma.

Shagunan shayin Sinawa, kopitiam, su ne suka fi daɗewa a hannun iyali ɗaya. Yut Kee da ke Kuala Lumpur tun 1928 yake, zuriyar mutanen tsibirin Hainan ke riƙe da shi, kuma cikin abin da ya yi suna da shi har da burodi mai naman alade. Wurin tarihi ne, amma ba namu ba. Ki riƙe kalmar babi, alade ke nan. Bak kut teh, duk da sunansa ya ƙare da kalmar shayi, farfesun haƙarƙarin alade ne. Char kuey teow, soyayyar taliya mai faɗi da Penang ta yi suna da ita, a hannun Sinawa yawanci da kitsen alade ake soya ta, a hannun Malayawa kuwa akwai ta halal. Suna ɗaya, tukunya daban, shi ya sa na ce ki san wa ya dafa. Haka girkin Nyonya na Melaka da Penang, na zuriyar Sinawan da suka auri matan gari tun ƙarnoni: kayan ƙamshinsa na Malayawa ne har ya ruɗe ki, amma alade yana cikin manyan girke-girkensa, sai kin samu gidan da ke da shaida. Akwai kuma Sinawa Musulmi masu taliyar da ake ja da hannu, mee tarik, da romon naman sa. Yara suna son tsayawa kallon yadda ake jan ta.

Za ki lura Malayawa sun fi mu tsanani a kan kwanuka. Su 'yan Shafi'iyya ne, a wurinsu abin da alade ko kare ya taɓa da danshi sai an wanke shi sau bakwai, ɗaya da ruwan ƙasa, suna kiran wannan sertu. Mu 'yan Malikiyya ba mu ɗauki jikin kare mai rai najasa ba. Shi ya sa a wurin da masu abinci da yawa suka haɗu a rumfa ɗaya, za ki ga farantan mai abincin Musulmi launinsu daban, wurin mayar da su ma daban. Kada ki haɗa musu.

Sai mamak, wanda zai zama gidanku na biyu ko kun so ko ba ku so ba, domin shi ne a buɗe lokacin da kowa ya rufe, da yawa dare da rana. Na Indiyawa Musulmi ne 'yan Tamil, kuma kalmar daga sunan ɗan'uwan uwa ta fito a harshensu, kamar a ce shagon Kawu. Amma kada ki kira mutum da ita kai tsaye, wasu ba sa so. Maigidanki zai ji maza suna cewa “bos” ko “anne”, wato yaya. A nan ake cin roti canai, gurasa mai laushi da ake wulwulawa a iska har ta yi shara-shara, a naɗe a soya, a ci da miyar wake. A nan ake shan teh tarik, shayi da madara mai kauri da ake zubawa daga kofi zuwa kofi daga nesa har ya yi kumfa. Duk wanda ya taɓa zama a teburin mai shayi ya san wannan hannu. A watan Disamba na 2024 UNESCO ta sa al'adar karin kumallon Maleshiya cikin jerin al'adun duniya, kuma roti canai da teh tarik suna ciki, tare da nasi lemak: shinkafar da aka dafa da madarar kwakwa da ganyen pandan mai ƙamshi, a ci da sambal, soyayyar gyaɗa, ƙananan busassun kifi, kokwamba da ƙwai, a ƙunshe a ganyen ayaba.

Sai dai ki sani, yawancin manyan shagunan mamak na yau kamfanoni ne masu rassa, ma'aikatansu daga Indiya aka ɗauko su. Idan kina son ki ga na iyali na asali, sai Penang. A titin Campbell na George Town akwai Hameediyah, wanda ke sayar da nasi kandar tun 1907, har yau a hannun zuriya ɗaya. Kandar sunan sandar da kakanninsu ke saɓawa a kafaɗa ne, tukunyar shinkafa a gefe ɗaya, ta miya a ɗaya gefen, suna bin 'yan dako a tashar jirgin ruwa. A nasi kandar ba miya ɗaya ake zubawa ba. Ki ce kuah campur, mai zubawa zai ɗebo kaɗan daga miyar kifi, kaɗan daga ta kaza, kaɗan daga ta nama, ya haɗa a kan shinkafa. Idan kika ce banjir, ambaliya ke nan, zai zuba har shinkafar ta nutse. Amma ki tambayi kuɗin manyan jatan lande da kan kifi kafin a ɗora miki. A nan ne faranti ke tashi daga ringgit 12 (kuɗin ƙasar ke nan) zuwa 50 mutum bai ankara ba.

Gidajen Indiyawa mabiya Hindu da ke zuba shinkafa a kan ganyen ayaba, kamar na unguwar Brickfields a Kuala Lumpur, ba sa taɓa naman sa, wasu ma ganye zalla suke dafawa. Idan kin ci a irinsu, ki naɗe ganyen zuwa wajenki bayan kin gama, alamar kin ji daɗi.

In kun samu hutu, kowace jiha da abin da take taƙama da shi. Kajang, kusa da Serdang da Bangi inda ɗalibanmu da yawa ke zama, garin sate ne, tsiren Maleshiya. Tsinkensa ƙanana ne, goma-goma ake saye, kuma maimakon a shafe naman da ƙuli-ƙuli kamar namu, gyaɗar miya ake yi da ita a gefe a riƙa tsomawa. Yana da zaƙi, mai tsiren Sabon Gari zai ce an ɓata nama, amma ku gwada. Kelantan suna da nasi kerabu, shinkafa shuɗiya da aka rina da furen telang, ba da sinadari ba. Terengganu suna da nasi dagang da miyar kifi. Temerloh a Pahang suna dafa kifin patin da tempoyak, wato durian, wani ɗan itace mai ƙarfin wari, da aka bari ya tsimu, wannan kam sai kin shekara kafin ki kusance shi. Rumfunan da ke buɗewa da yamma da fitilu masu launi, an rubuta tomyam, galibi na Musulmin kudancin Tailan ne, 'yan yankin Pattani, su ma iyali-iyali suke aiki, kuma a take suke soya abin da kika nema.

Game da ladabi, ba za ki sha wahala ba, tarbiyyarsu kusa take da tamu. Matar da ta kai sa'ar mahaifiyarki ki ce mata Makcik, namiji Pakcik. Wadda ta ɗan girme ki Kak, saurayi mai kawo abinci Abang ko Dik in yaro ne. Da hannun dama ake ci, ake miƙa kuɗi, ake karɓa. Ba a nuna abu da manuniya, da babban yatsa ake nunawa, sauran yatsun a dunƙule. Masu ci da cokali suna haɗa shi da cokali mai yatsu, ba a kawo wuƙa. A kan tebur za ki ga 'yar buta a zaune a kan wani kwano mai huji-huji. Ta wanke hannu ce. A makonmu na farko maigidana ya tsiyaya ruwanta a kofi ya shanye, yarinyar da ke kawo abinci ta ruga kicin tana ƙunshe dariya, sai ga uwarta ta fito da kanta da ruwan ɗumi a kofi, ta nuna masa yadda ake yi ba ta ce uffan ba. Daga wannan rana muka zama 'yan gida a rumfar. Ruwan sha ki ce air suam, mai ɗumi, ko air kosong. Za a tambaye ki “Makan sini?”, a nan za ki ci? In tafiya za ki yi da shi, ki ce bungkus. Ƙarin shinkafa tambah nasi, kaɗan sikit, yaji pedas. In kin gama ki ɗaga hannu ki ce kira, a yi lissafi. In abinci ya yi daɗi ki ce wa mai girkin sedap, ki ga yadda fuskarta za ta sauya. Gobe idan kin dawo za ki ga gyara a farantinki.

Kuɗi kuwa, a zuwana na baya-bayan nan ƙunshin nasi lemak na safe ringgit 2 zuwa 3 ne, roti canai bai kai 2 ba a yawancin wurare, shayi 2 zuwa 3, farantin nasi campur da kaza da ganye biyu tsakanin 8 da 13 a kewayen Kuala Lumpur, a ƙauye ƙasa da haka. Ku huɗu za ku ƙoshi da ringgit 40 zuwa 50 idan ba ku taɓa jatan lande ba. Ba a ba da tukuici. Manyan gidaje suna ƙara kashi 10 na hidima da kashi 6 na haraji a kan takarda, ƙaramar rumfa ba ta ƙara komai. Ki riƙe ƙananan kuɗi a hannu, ko da yake yanzu har mai soya ayaba a bakin titi yana da lambar DuitNow da ake biya da waya. Tun farkon 2019 an hana shan taba a duk wurin cin abinci, har na fili, don haka kina da ikon yin magana idan wani ya kunna kusa da yara.

Su yaran, ki fara musu da nasi ayam, shinkafa da kaza da romo, yajin a gefe yake zuwa. Roti telur mai ƙwai ma ba ya faɗuwa. Idan ɗayansu jikinsa ba ya karɓar gyaɗa ko jatan lande, ki faɗa tun kafin a zuba, kuma ki ambaci belacan da sunansa, domin mai girki ba ta lissafa shi a cikin kayan teku, kamar yadda ke ba za ki lissafa daddawa a cikin wake ba.

Tun da iyali ne, hutunsu na iyali ne. Ranar Juma'a da yawa sukan rufe da azahar, musamman a Kelantan da Terengganu. Da azumi rumfunan Malayawa ba sa buɗewa da rana, kasuwar buɗa-baki ce ke ci daga la'asar, kuma a masallacin Kampung Baru da ke Kuala Lumpur ana raba bubur lambuk kyauta, fate ne na shinkafa da nama da kayan ƙamshi. Da ƙaramar salla kuwa, wadda suke kira Hari Raya, kowa ya tafi garinsu, balik kampung, rumfar da kuka dogara da ita sai ta yi mako ɗaya ko biyu a kulle da 'yar takarda a ƙofa. Ki yi cefanenki tun ana saura kwana uku. A sallarmu ta farko ba wanda ya gaya mana, muka yi kwana huɗu a shagon mamak. A ta biyu, Makcik ɗin mai butar nan ta aiko ɗanta da mota ya kwashe mu zuwa ƙauyensu a Negeri Sembilan, inda na ga ana dafa lemang, shinkafa mai danƙo a cikin gora, an jera a jikin wuta tun dare. Na tafi mata da cincin da dubulan. Dubulan ɗin ta ce ya yi mata, sai dai a ƙara sukari.